Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga limaman majami'un Katolika da kwamitocin taimakon mabuƙata kan rabon Kirsimeti

Zuwa ga iyayenmu su Fada masu kula da majami'u, da dattawan majalisar coci, da 'yan'uwa maza da mata masu hidimar taimakon mabuƙata,

Alheri da salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu su kasance tare da ku.

Lokacin ya sake zagayowa. Nan da 'yan makonni za a tashi bayan Misa a sanar cewa an buɗe karɓar gudummawar Kirsimeti domin iyalai marasa ƙarfi. Kwamiti zai zauna, a fitar da sunaye, a sayo kaya, a ƙulla, a raba. Na san wahalar wannan aiki, na kuma san masu yinsa ba biyansu ake yi ba, da yawa ma daga aljihunsu suke cike abin da ya gaza. Allah ya saka muku da alheri. Abin da ya sa na rubuto shi ne, Ikklisiyarmu tana da koyarwa mai zurfi a kan yadda ake taimakon matalauci, ta kuma daɗe tana tara ta, amma a majami'u da yawa rabon Kirsimeti yana tafiya kamar ba a taɓa jin labarinta ba. Roƙona shi ne bana a ɗauko wannan koyarwa a auna aikin da ita tun kafin a sayi ko buhu ɗaya.

A watan Agusta na 1617 Waliyyi Vincent de Paul yana limanci a wani ƙaramin gari na Faransa mai suna Châtillon. Wata Lahadi yana shirin Misa aka zo aka gaya masa akwai wani gida a bayan gari da kowa a cikinsa yake kwance ba lafiya, babu mai iya tashi ya taimaki wani, kuma ba su da komai. Ya faɗi haka a cikin wa'azi, zuciyar jama'a ta motsa. Da yamma da ya kama hanyar gidan, sai ya riƙa cin karo da mutane, masu zuwa da masu dawowa, kowa ya kai abin da ya samu. Da wani ne, da ya koma gida yana murna cewa wa'azinsa ya shiga. Shi kuwa Vincent ya hango abin da ya ɓace wa sauran: abincin ya yi wa gidan yawa a rana ɗaya, wani zai lalace, bayan 'yan kwanaki kuma mutanen za su koma inda suke. Ya ce alheri ne babba, amma ba shi da tsari. Cikin kwanakin nan ya tara matan garin suka raba ranaku a tsakaninsu, kowace da ranar da za ta dafa ta kai. A ranar 8 ga Disamba na wannan shekara aka kafa ƙungiyar a hukumance. Akwai wata ƙa'ida a cikin dokokin da ya rubuta musu da nake so kowane ɗan kwamiti ya riƙe: mai kai abinci ta fara da majinyatan da suke da wani a kusa da su, ta ƙare da waɗanda suke su kaɗai, domin ta samu ta daɗe a wurinsu.

Rabonmu na Kirsimeti yana yawan kama da yammacin wannan Lahadi. Kowa zuciyarsa ta motsa a mako ɗaya. Ƙungiyar mata ta kai nata, matasa sun kai nasu, mawaƙa ma haka, sau da yawa ga gida ɗaya da kowa ya sani, alhali gidan da ke bayansa ba wanda ya leƙa. Kafin Janairu ya raba, kayan sun ƙare, kuɗin makaranta ya taso, mai gidan haya ya fara sallama, maganin tsohuwa ya ƙare, kwamiti kuma ya rufe littafinsa sai wata shekara. Ikklisiyar farko ba haka ta yi ba. Waliyyi Justin, da yake bayyana taron Lahadi a Roma wajen shekara ta 150, ya ce ana tara baiko a ajiye a hannun shugaban taron, shi kuma ya kula da marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. Kowane mako ke nan. Wajen shekara ta 251 Paparoma Cornelius ya rubuta cewa Ikklisiyar Roma tana ɗauke da nauyin gwauraye da mabuƙata fiye da 1,500, a zamanin da zama Kirista kansa laifi ne da ake kashe mutum a kai. Ba a riƙe mutum 1,500 da rabon sau ɗaya a shekara.

Kafin a zo kan tsari ma, akwai tambayar da ta fi shi nauyi: kayan da muke rabawa na wane ne? Yawancinmu mun ɗauka namu ne, mun ga dama mun bayar, saboda haka a gode mana. Babban Taron Batikan na Biyu, a takardarsa Gaudium et Spes ta 1965, ya ce Allah ya yi ƙasa da dukan abin da ke cikinta domin amfanin dukan mutane, kuma kowa yana da haƙƙin samun abin da zai ishe shi da iyalinsa. Ikklisiya ba ta hana mutum mallakar dukiya ba, Paparoma Leo na 13 ya kare wannan haƙƙi a Rerum Novarum tun 1891, amma mallakar tana ƙarƙashin wancan nufi na farko. Shi ya sa Paparoma Paul na 6, a Populorum Progressio ta 1967, ya ɗauko maganar Waliyyi Ambrose na Milan cewa in ka ba matalauci, ba daga naka ka yi masa kyauta ba, nasa ka mayar masa. Waliyyi Yohanna Chrysostom ya fi haka zafi, ya ce hana matalauta rabonsu cikin abin da muke da shi sata ce. Wannan magana tana nan a Katekizim na Ikklisiyar Katolika, sakin layi na 2446, kowa zai iya buɗewa ya gani.

In haka ne, wanda ya zo karɓar ƙunshin Kirsimeti mai bin bashi ne. Kuma ba a taɓa jin wanda ya biya bashin da ake binsa ya ce sai mai kuɗin ya tsaya an ɗauke su hoto yana godiya ba.

Na taɓa tsayawa a harabar wata majami'a ranar rabo. An jera kayan a gaba, ana kiran sunaye da lasifika ɗaya bayan ɗaya. Aka kira wata uwa, ta fito tare da ɗanta, yaro ne da ya isa ya san kunya. Mai miƙa kayan ya riƙe bakin buhun bai saki ba har sai mai waya ya gama ɗauka. Aka ce ta ɗaga kai, ta ɗaga. Aka ce ta yi murmushi, ta yi. Yaron ya juya wa wayar baya ya tsura wa ƙasa ido, domin a cikin masu kallo akwai waɗanda suke aji ɗaya da shi. Kafin dare hoton ya hau Facebook. Ba na zargin kowa a wurin da mugun nufi, dukansu mutanen kirki ne, suna so ne masu bayarwa su ga an yi aiki. Amma abincin ya ƙare tuni, hoton kuwa yana nan, kuma ban san abin da yaron zai riƙa tunawa ba duk lokacin da aka ambaci coci a gabansa. Ubangiji ya riga ya yanke wannan magana a Matiyu sura 6: in za ka ba da sadaka kada ka busa ƙaho a gabanka, kada hannunka na hagu ya san abin da na dama yake yi. Wanda ya ce masu gudummawa suna buƙatar shaida ya faɗi gaskiya, amma shaidar ita ce rasit da lissafi, in ma hoton ake so a ɗauki kayan kafin a raba. Fuskar mabuƙaci ba rasit ba ce. Waliyyi Nikolas na Myra, wanda muke tunawa ranar 6 ga Disamba, kuma wanda duniya ta rataya wa al'adar kyautar Kirsimeti, abin da aka fi saninsa da shi shi ne da dare ya jefa kuɗi cikin gidan wani uba da talauci ya kusa sa ya sallama 'ya'yansa mata uku ga lalacewa, ya yi haka ne don kada a san ko wane ne.

Ina roƙonku, a daina kiran sunaye a gaban jama'a, a daina jera mutane a layi. A kai kayan gida, mutum biyu su je, su yi sallama, su zauna in an ba su wuri. Haka 'yan ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul suke yi tun lokacin da Frédéric Ozanam, ɗalibi ɗan shekara 20, da abokansa suka kafa ta a birnin Paris a 1833, bayan an ƙalubalance su a muhawara cewa su nuna abin da Ikklisiyarsu take yi wa talakawa a yau. Sista Rosalie Rendu ce ta nuna musu gidajen, ta koya musu yadda ake shiga. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda ya shiga ɗaki zai ga abin da takardar kwamiti ba za ta taɓa nuna masa ba.

Sai maganar wanda sunansa yake shiga takardar. Rikici na farko da Ayyukan Manzanni ya ba mu labarinsa a cikin Ikklisiyar Urushalima, a sura 6, a kan rabon abinci ne. Masu bi da ke jin harshen Girka suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon kowace rana. Manzanni ba su ce wa masu ƙorafi su yi shiru su gode ba. Sun tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida a danƙa musu aikin, kuma in kun duba sunayen bakwai ɗin, daga Istifanas har Nikolas, duk sunayen Girkawa ne. Wato an miƙa rabon a hannun ɓangaren da aka ce ana zalunta. Ku duba kwamitinku da wannan ido. Mutum nawa ne a cikinsa suka taɓa kwana da yunwa? Akwai gwauruwa ko ɗaya? Akwai wanda ya taɓa karɓa a baya, yanzu ya samu ya tsaya da ƙafarsa? Waɗannan su suka san ƙofofin da ya kamata a ƙwanƙwasa.

Domin waɗanda ake tsallakewa a yau ma sanannu ne. Baƙon da bai daɗe da zuwa ba, ba shi da wanda zai ambaci sunansa a taro. Wanda ba ya cikin kowace ƙungiya saboda ba shi da kuɗin wata-wata. Yarinyar da ta haihu ba aure, ta daina zuwa Misa don idon mutane. Matar da mijinta yake kurkuku. Sai kuma wanda ya fi ba ni tausayi, magidancin da aikinsa ya tsaya watanni, har yanzu yana wanke rigarsa ya goge ya zo coci, yana ma jefa ɗan abin da ya samu a baiko, kuma ya gwammace ya mutu da ya rubuta sunansa a takardar mabuƙata. Irin wannan ba zai zo ba, sai an neme shi, kuma sai a asirce. Dokar Ikklisiya ta 1983, a ƙa'ida ta 529, ta ɗora wa limamin majami'a cewa ya san mutanensa, ya ziyarci iyalai, ya kuma nemi matalauta da masu shan wahala da waɗanda suke kaɗaici da waɗanda aka raba da ƙasarsu da himma ta musamman. Nema aka ce, Fada. Akwai abin da mutum zai faɗa muku wanda ba zai faɗa wa kwamiti ba, don haka ya kamata a ware wani kaso da zai bi ta hannunku ba tare da suna ya fito ba, adadin kuɗin kawai a rubuta.

Kada kuma a tambayi mai yunwa katin baftisma. Paparoma Benedict na 16 ya sa hannu a wasiƙarsa ta farko, Deus Caritas Est, ranar Kirsimeti ta 2005, a ciki kuma ya faɗa ƙarara cewa ba a amfani da aikin jinƙai a matsayin hanyar jawo mutane cikin addini, ƙauna kyauta ce, ba a yinta don cim ma wata manufa. Maƙwabcin coci da ba Katolika ba, ko ba Kirista ba ma, in yana cikin buƙata yana da rabo, ba tare da an ce sai ya zauna ya saurari wa'azi kafin a ba shi ba. Sarkin Roma Julian, wanda ya bar bangaskiya ya so ya farfaɗo da bautar gumaka a ƙarni na 4, ya yi kukan cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na waɗanda ba nasu ba. Abin da maƙiyi ya shaide mu da shi ke nan, bai kamata mu bari ya kuɓuce mana ba.

Wani abin kuma mai sauƙi ne amma ba a cika yinsa ba: a tambayi iyalin abin da suke buƙata. Ƙunshi iri ɗaya ga kowa ya fi sauƙin saye da rabo, na sani. Amma na ga tsohon da yake zaune shi kaɗai, idonsa ba ya gani sosai, an kai masa ɗanyen kayan abinci an jingine a bayan ƙofa, ba shi da mai dafa masa. Wani gidan abin da ya hana su barci takardar tashi ce daga mai gida. Wani kuma keken ɗinkin uwar ne ya lalace, gyaransa bai kai kuɗin ƙunshin ba, kuma da shi take ciyar da yara duk shekara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Paparoma Pius na 11, a Quadragesimo Anno ta 1931, ya kafa ƙa'idar cewa kuskure ne babba ya karɓe wa ƙarami abin da ƙaramin zai iya yi da kansa, aikin babba shi ne ya tallafa. An fi kawo wannan ƙa'ida a maganar gwamnati da ƙungiyoyi, amma ta shafi kwamiti da iyali ma. Uba ko uwa su ne masu gidansu ko da ba su da ko sisi, kuma in aka ba su dama su zaɓa, su kuma miƙa wa 'ya'yansu da hannunsu, an bar musu matsayinsu a idon yaran. Takardar Taron Batikan na Biyu a kan hidimar masu bi, Apostolicam Actuositatem, ta ce a shirya taimako yadda masu karɓa za su riƙa fita daga dogaro da wasu a hankali har su tsaya da kansu, a kuma kawar da tushen matsala, ba alamunta kaɗai ba.

A wannan sakin layin dai, na 8, akwai jumlar da na san za ta yi wa wasunmu ɗaci: a fara biyan abin da adalci ya wajabta, kada a ba da shi da sunan kyautar ƙauna. Ku yi haƙuri, iyayena, in kawo ta cikin gida. Mai gadin coci, mai shara, mai dafa wa Fada abinci, katikis, malaman makarantar majami'a: an biya su albashinsu cikakke, a kan lokaci, kuma albashin yana isar mutum da iyalinsa? Ƙa'ida ta 1286 ta dokar Ikklisiya ta wajabta wa masu kula da dukiyar coci su biya ma'aikata lada mai adalci da zai ishe su da waɗanda suke ƙarƙashinsu. In sunan mai gadinmu ya fito a takardar mabuƙata, albashinsa ne ya kamata a fara dubawa kafin a ƙulla masa ƙunshi. Haka nan mu masu zama a kan benci. Akwai mai kawo gudummawa mafi tsoka a watan Disamba alhali yarinyar da take masa aikin gida ko direbansa suna binsa watanni. Yaƙub sura 5 ya ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta ce a biya matalaucin ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi, domin a kan ladan ya sa ransa. Ina roƙon a yi wannan wa'azi a makonnin jiran zuwan Almasihu, a yi shi a fili, ko da mai babbar gudummawa zai ji ba daɗi.

Maganar kuɗin kanta ba ta buƙatar dogon bayani. Ƙa'ida ta 1267 ta ce abin da masu bi suka bayar don wata manufa, wannan manufa kaɗai za a kashe shi a kai. Kuɗin mabuƙata ba a aronsa don fenti ko lasifika da niyyar a mayar. Ƙa'ida ta 537 ta ce kowace majami'a ta kasance da majalisar kuɗi, ta 1287 kuma ta ce a ba masu bi lissafin abin da suka bayar. A liƙa shi a allon sanarwa: nawa aka tara, nawa aka kashe, gida nawa aka kai, ba suna ko ɗaya.

Abin da ya fi buƙatar tsayawa a kai shi ne a ajiye wannan lissafi kusa da na ado da shagalin bikin. Ina son in ga coci ta yi kyau daren Kirsimeti, kuma ban manta da matar da ta zuba wa Ubangiji turare mai tsada ya kuma kare ta ba. Bauta ta cancanci mafi kyawun abin da muke da shi. Amma Paparoma John Paul na 2, wanda ba wanda zai ce bai damu da darajar sujada ba, ya rubuta a Sollicitudo Rei Socialis ta 1987 cewa in buƙata ta tsananta ba a kau da kai daga gare ta don kayan adon coci da suka wuce kima, har ma yana iya zama wajibi a sayar da su don a samar da abinci da abin sha da sutura da matsuguni ga waɗanda ba su da shi. Ba na cewa a sayar da komai. Ina cewa majalisa ta rubuta adadi biyun a takarda ɗaya, na fitilu da furanni da walimar ƙungiyoyi a gefe, na mabuƙata a gefe, ta dube su tare. In na farkon ya ninka na biyun, a gyara kafin a kashe.

Akwai kuma talaucin da ƙunshi ba ya taɓawa. Iyalai da yawa ba sa zuwa Misar Kirsimeti saboda ranar ce kowa yake fitowa da mafi kyawun suturarsa, su kuwa yaransu ba su da sabo. Muna kai musu abinci ranar 23, ranar 25 kuma ba mu lura babu su a coci ba. Yaƙub sura 2 ya zana wannan tun tuni: mai zoben zinariya ya shigo a ce masa zauna nan wuri mai kyau, matalauci ya shigo a ce masa tsaya can. Paparoma Francis ya ce a Evangelii Gaudium ta 2013 cewa mafi munin wariyar da matalauta suke sha ita ce rashin kulawa da ruhunsu. Shi ne kuma ya kafa Ranar Matalauta ta Duniya, aka fara ta a 2017, ana yinta a watan Nuwamba, makonni kaɗan kafin Kirsimeti, lokacin da ya dace a fara ziyarar gidaje maimakon a jira mako na ƙarshe. Waɗanda suka kai kaya su gayyaci iyalin, in da hali su biyo musu su taho tare, su zauna benci ɗaya. A ba yaronsu karatu ko hidimar bagade, a sa uwar cikin masu kai baiko gaba. Bikin da muke yi na wanda aka kwantar a komin dabbobi ne don babu wuri a masauki, wanda makiyaya masu kwana a fili suka fara jin labarinsa, wanda iyayensa suka gudu da shi Masar da dare. Iyalin da ya fi kama da nasa a majami'armu bai kamata ya zama shi ne yake jin kunyar shigowa ba.

Na san abin da za a ce: akwai masu yaudara, masu zagaya coci-coci suna karɓa. Akwai su. Maganinsu shi ne ziyarar gida da kuma ƙungiyoyi su haɗa takardunsu wuri ɗaya, a hannun mutane kaɗan masu riƙon asiri. Tsoron mayaudari ɗaya bai isa dalilin da za a riƙa yi wa masu gaskiya tambayoyin tonon silili a gaban mutane ba. Za a kuma ce majami'a ba gwamnati ba ce, ba za ta iya ɗaukar kowa ba. Haka ne, kuma koyarwar Ikklisiya ba ta sauke wa hukuma nauyinta ba. Deus Caritas Est ta ce kafa tsarin adalci a ƙasa aikin siyasa ne, masu bi kuma su shiga su yi shi. Amma a cikin kowace majami'a akwai ma'aikacin lafiya, akwai malami, akwai lauya, akwai mai sana'ar da zai iya ɗaukar almajiri, akwai wanda ya san yadda ake cike takardar neman tallafin da iyali suka cancanta amma ba su san da shi ba. Wannan dukiya ce da ba ta shiga kwandon baiko, kuma kwamiti zai iya tara ta kamar yadda yake tara kuɗi. Benedict na 16 ya lissafa hidimar ƙauna tare da shelar Maganar Allah da sakramenti a matsayin ayyuka uku da Ikklisiya ba za ta iya barin ko ɗaya ba. Ba ma yin Misa sau ɗaya a shekara, ba ma wa'azi sau ɗaya a shekara.

Saboda haka ga abin da nake roƙo a aikace. Kada a kashe duk abin da aka tara a watan Disamba, a riƙe wani kaso mai kauri don watannin da ke biye. Ranar 26 ga Disamba, idin Waliyyi Istifanas, na farko cikin bakwai ɗin nan da aka danƙa wa rabon gwauraye, kwamiti ya zauna ko na sa'a ɗaya ne bayan Misa, a ɗauki kowane gida da aka kai wa kaya a haɗa shi da mutum biyu da za su riƙa leƙa shi, a rubuta abu ɗaya da iyalin da kansu suka ce shi ne ya fi damunsu. Sannan a sa ranar 2 ga Fabrairu, idin miƙa Ubangiji a Haikali, ta zama ranar ba da rahoto. A ranar ne ake karanta Luka sura 2, inda Maryamu da Yusufu suka kawo hadayar kurciyoyi biyu ko 'yan tantabaru biyu, wadda Littafin Firistoci sura 12 ya yarje wa macen da ba ta da halin ɗan rago. A wannan rana, ko Lahadin da ta fi kusa da ita, shugaban kwamiti ya tashi ya gaya wa jama'a gida nawa aka koma tun bayan Kirsimeti, nawa ya rage a asusu, da irin taimakon da ake nema yanzu, ko aiki ne, ko kuɗin makaranta, ko mai raka tsoho asibiti, domin wanda yake da shi ya ɗaga hannu.

Ina roƙon albarkarku, Fada, da addu'arku, 'yan'uwa.

Ɗanku kuma ɗan'uwanku cikin Almasihu,
ɗaya daga cikin masu bi.